Tiyatar Canza Launin Ido: Akwai Wadda Ba Ta da Haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Shekaruna 26, idona lafiya ƙalau, ko tabarau ban taɓa sawa ba. Tun ina ƙarama nake sha'awar ido mai haske, ruwan zuma ko ruwan toka. Ina yawan ganin bidiyo a TikTok da Instagram na waɗanda suka shiga ɗakin tiyata da baƙin ido suka fito da kore cikin ƙasa da awa guda. Masu tallan suna cewa babu zafi, babu illa, kuma in mutum ya gaji ana iya mayar masa da nasa. Da gaske ne? Wace hanya ce ta fi aminci?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ji daɗi da kika yi tambaya tun wuƙa ba ta taɓa idon ba, domin da yawa sai bayan an yi aikin suke neman likita. Amsata a taƙaice: launin yana canzawa da gaske, bidiyon ba duka ne ƙarya ba. Amma a cikin hanyoyi uku da ake bi, babu wadda zan yarda a yi wa lafiyayyen ido irin naki. Ba zan tsaya a “kada ki yi” kawai ba, gara ki ga dalilin da kanki.

A gaban ido akwai wani tantani garai-garai kamar gilashin agogo, likitoci suna ce masa koniya. Kaurinsa bai wuce kusan rabin milimita ba. Bayansa akwai ɗan ɗaki cike da ruwa, zurfinsa wajen milimita 3. A bayan ɗakin ne labulen nan mai launi yake, wato ayiris, abin da muke kira baƙin ido. Ramin da ke tsakiyarsa yana tsukewa in kin shiga rana, ya buɗe in kin shiga duhu. Abin da ke ba shi launi shi ne melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi duhu. Mai baƙin ido yana da shi da yawa. Mai shuɗin ido kuwa babu wani shuɗin sinadari a idonsa, melanin ne ya yi ƙaranci a fuskar labulen, sai haske ya watsu ya ba da shuɗi, kamar yadda sararin sama yake yi.

Abu biyu nake so ki riƙe, don kusan duk ɓarnar daga nan take fitowa. Na farko, ruwan ɗakin nan ba a tsaye yake ba. Ido yana samar da shi dare da rana, yana fita ta wata siririyar magudana a kusurwar da koniya ta haɗu da ayiris. In magudanar ta toshe, matsin ido, wanda bisa al'ada yake tsakanin 10 da 21 a ma'auninmu, sai ya hau ya riƙa cin jijiyar gani. Wannan shi ne hawan jinin ido, gilakoma, kuma abin da jijiyar ta rasa ba ya dawowa. Na biyu, a bayan koniya akwai shimfiɗar ƙwayoyin halitta guda ɗaya tak, aikinsu zuƙe ruwa daga cikinta don ta zauna garau. Baligi yana da wajen 2,500 zuwa 3,000 a kowace murabba'in milimita, kuma ba sa haihuwa. Wadda ta mutu ta tafi ke nan. In suka ragu zuwa 'yan ɗaruruwa, koniya ta kumbura ta yi hazo, sai dashen wata.

Hanya ta farko ita ce mafi muni: a ɗan yanka gefen ido a zura wani faifan silikon mai launi, wato wata irin roba mai laushi, a shimfiɗa shi a kan ayiris. Da sunan NewColorIris aka fara saninsa a ƙasar Panama, daga baya wani mai suna BrightOcular ya biyo, ya kuma yi tashe a 2014 lokacin da mawaƙiyar Amurka Tameka Harris ta je Tunisiya aka sa mata. Ki dubi inda faifan yake zaune. Gefensa yana dannan magudanar nan, bayansa yana gogar ayiris, gabansa yana dab da ƙwayoyin da na ce ba sa sabuntuwa. Abin da ke biyo baya likitoci a ƙasashe da dama sun rubuta shi sau da yawa: kumburin cikin ido da ba ya jin magani, gilakoma, yanar ido tun da ƙuruciya, lalacewar koniya. Wata 'yar Ajantina mai tallan kaya a Instagram, Nadinne Bruna, an sa mata irinsa a Kolombiya a 2016, kuma a 2018 ta fito ta bayyana cewa ta rasa kashi 80 cikin ɗari na ganin idon dama da rabin na hagu.

Nan ne maganar “ana iya cirewa” take ba ni takaici. Eh, faifan yana fita. Amma cire shi wata tiyatar ce mai nata haɗarin, kuma ƙwayoyin da suka mutu da jijiyar da ta lalace ba sa fitowa tare da shi su warke. Mutane da yawa bayan an cire sai an ƙara musu aikin gilakoma, ko na yana, ko dashen koniya. Garin neman gira a rasa ido, ban san inda karin maganar nan ta fi zama daidai kamar a nan ba.

Kada kuma a ruɗe ki da cewa hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ayiris na roba. Ta amince da guda a 2018, na wani kamfanin Jamus, amma don waɗanda aka haifa babu ayiris ko rauni ya lalata musu nasu. Su haske ne yake azabtar da su, kuma ba a kan lafiyayyen labule ake ɗora musu ba. Na kwalliya bai samu wannan amincewar ba.

Hanya ta biyu leza ce, wato wani siririn haske mai ƙarfi da ake tiyata da shi. Ana haska fuskar ayiris don a farfasa melanin, a hankali launin ya kwaranye ya koma toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Babu yanka, shi ya sa take da daɗin ji. To amma garin melanin ɗin da aka farfasa ina zai bi? Hanya ɗaya ce, magudanar nan. Dama akwai nau'in gilakoma da muka sani tun da daɗewa wanda tarkacen launi ne ke jawo shi, ga shi an je ana haddasa shi da gangan. Mai baƙin ido sosai shi ya fi yawan abin farfasawa. Ba ke za ki zaɓi launin da zai fito ba, kuma melanin ɗin da ya tafi ba a mayar da shi. Kamfanin Stroma Medical na Kalifoniya ya fi shekara goma yana aiki a kan wannan fasaha, FDA ba ta ba ta izini ba.

Ta ukun ita ce nake kyautata zaton kike gani a bidiyo, don ita ce take ba da sabon launi nan take. Ba a taɓa ayiris sam. Leza ce take haƙa rami mai siffar zobe a cikin naman koniya, sai a ɗura tawada a ciki, a bar tsakiya fili don gani. Wato zanen tatu ne a gilashin ido, baƙin idonki yana nan a baya an rufe shi. Asalin dabarar tsohuwa ce kuma ta kirki ce. Tun ƙarni na 2 likitan nan Galen yake rina tabon ido, a 1869 kuma Louis de Wecker ya yi da tawada a Faransa. Har gobe muna ganin amfaninta ga mai hakiya a idon da ya riga ya mutu, wanda farin tabon yake sa shi sunkuyar da kai cikin mutane. Wannan ba shi da ganin da zai rasa. A 2013 ne wani likita a Faransa, Francis Ferrari, ya fara yin ta da leza don ado kawai.

Zan yi mata adalci. Ta fi faifan silikon sauƙin haɗari, tunda ba a shiga cikin ɗakin ido, kuma rahotannin masu yin ta, irin su Jorge Alió na Sifen, suna nuna yawancin mutanensu sun gamsu. Sai dai a cikin rahotannin nasu ma akwai masu fama da rashin jure haske, akwai waɗanda launin ya dusashe ko ya juye, akwai waɗanda jijiyoyin jini suka tsiro a koniya. Ban da wannan akwai shigar ƙwayar cuta, da raunana koniya har ta canza siffa. Filin da aka bari a tsakiya kuma girmansa ɗaya ne kullum, alhali naki ramin yana buɗewa har wajen milimita 8 a duhu, don haka wasu ganin gefe da na dare yake raguwar musu.

Abin da ya fi damuna a matsayina na likita shi ne gaba. Ta koniya muke leƙa ido. Ta nan muke duba magudana, mu duba bayan ido ga mai ciwon suga, ta nan muke ganin abin da muke yi ranar cire yana. Ke shekarunki 26. In Allah Ya ba ki tsawon rai, da wuya ki tsallake yanar ido a tsufa, kamar kowa. Likitan da zai yi miki aiki a lokacin zai tarar da taga an shafe gefenta da fenti. Aikin adon nan bai kai shekara ashirin a duniya ba, ke kuwa kina buƙatar idon nan shekara hamsin ko fiye. Tawadar kuma ba ta fita duka ko an yi ƙoƙarin wanke ta. Ƙungiyar likitocin ido ta Amurka ta yi gargaɗi a kan faifan a 2014, ta sake wani a Janairun 2024 wanda ya haɗa da wannan zanen.

Ki kuma lura da lokacin da ake ɗaukar bidiyon: ranar aiki, mutum yana duba madubi yana hawayen murna. Gilakoma ba ta zuwa ranar. Tana iya ɗaukar watanni ko shekaru, sau da yawa ba ciwo, tana ci daga gefe, sai ta yi nisa mutum yake farga. A lokacin likitan da ya yi aikin yana wata ƙasa, kuma ba kowa ke da ƙarfin halin sake kunna kyamara ba.

Magungunan ɗigawa da ake tallatawa a intanet wai suna haskaka ido, ki bar su inda kika gan su, haka ma ɗiga zuma ko lemon tsami. Babu wanda yake rage melanin, sai dai ya jawo miki ciwo. Maganin da muka tabbatar yana taɓa launi, irin latanofros na masu gilakoma, duhu yake ƙarawa.

Sha'awarki ba laifi ba ce, kuma akwai hanyar biyan ta da za ki iya janyewa: ɗan gilashin nan mai laushi da ake mannawa a ido, kwantak lens mai launi. Shi ma ba kayan wasa ba ne. Likita ko ma'aikacin ido ne zai auna miki ya rubuta, ba a sayen sa a hannun masu kayan kwalliya, ba a aro, ba a kwana da shi, ba a wanka ko iyo da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo, saboda akwai wata ƙwayar cuta a ruwa, akantamiba, da ke cin koniya kuma maganinta yana da wuyar gaske. Duk ranar da ido ya yi ja, ko zafi, ko gani ya dushe, ki cire ki ga likita a ranar.

In kuma a cikin ƙawayenki akwai wadda ta riga ta yi ɗaya daga cikin ukun, kada ki tsaya yi mata faɗa. Ki ce ta je wurin likitan ido, ko da ba ta jin komai, a auna matsin idonta, a duba jijiyar gani, a ƙirga ƙwayoyin bayan koniya, a kuma riƙa maimaitawa. In faifan silikon ne, yawancinmu shawararmu a cire shi tun ƙwayoyin suna da saura.