Amsa ga Ɗana a Abuja Kan Kunyar Ɗan Fari da Batun Riƙo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ɗana, ina fata kai da iyalinka kuna cikin ƙoshin lafiya, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso, na karanta shi a natse. Ka tambaye ni game da maganar da gwaggonka ta yi maka ranar sunan da aka yi a Gangare, cewa ka ɗora Abba a cinya kana yi masa wasa a gaban manya alhali shi ne ɗanka na fari, kana so ka san ko da gaske ka keta al'ada. Ka kuma tambaya game da shawarar da ta biyo baya, wato ka kawo mata shi nan Jos ta riƙe shi, tunda kai da mai ɗakinka duka ma'aikata ne, kuma kai kana fita yana barci, sau da yawa ka dawo ka tarar ya sake yin barci. Ka kyauta da ka nemi shawara kafin ka ba ta amsa, domin maganganun biyu tushensu ɗaya ne.

Gwaggonka ba ƙirƙirar wannan al'ada ta yi ba, haka muka taso muka tarar. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, sai dai ta ce "yaron nan" ko ta laƙaba masa wani suna, uba kuwa ba ya ɗaukarsa a idon jama'a, wani ma ko hira ba ya yi da shi sai abin da ya zama dole. Idan lokacin yaye ya yi, wajen shekara biyu, gidan kakarsa ake kai shi, wani lokaci kuma daga nan ba ya dawowa sai da wayonsa. Wanda bai san dalili ba zai ɗauka rashin ƙauna ne, alhali abin yana da hikima. Ma'auratan suna da ƙuruciya, suna zaune a gidan mahaifin mijin, saboda haka nuna zumuɗi a kan ɗa a gaban wanda ya haife ka ana ganinsa a matsayin rashin ta-ido. Bayan haka, a gidan da yake da matan aure da yawa da 'ya'yan ɗakuna daban-daban, ranar da kowa ya fara jan nasa a jiki, ranar zaman lafiya ya fara lalacewa. Daga nan ne Bahaushe ya ce ka ƙi naka duniya ta so shi, ka so naka duniya ta ƙi shi.

Abin da nake so ka lura da shi sosai shi ne rabin farko na wannan karin maganar. Uba yana janye hannunsa ne saboda yana da tabbacin akwai waɗanda za su miƙo nasu. Kakanmu ya zo Jos zamanin haƙar kuza, shi ma baƙo ne kamar yadda kake baƙo a Abuja, amma da ya sami wurin zama sai ya gina gida mai zaure da sassa, ya aika aka zo masa da ƙannensa, har gidan ya cika. A cikin wannan gida mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, amma kai ba ka rasa mai ɗaukarka ba ko na yini ɗaya. Kakarka tana kiranka mijinta tana ɓoye maka ƙosai, kakanka yana tsokanarka a zaure, ni nake raka ka makarantar allo, gwaggon nan taka da ta yi maka faɗa ita ce ta goya ka har bayanta ya gaji. Da magariba yara suna zagaye kwano ɗaya, babba yana zaune kusa yana kallon hannun kowa. Da dare kuma, musamman a hunturun Jos da ba ya barin kowa a tsakar gida, kuna cunkushe a ɗakin tsohuwa kusa da kaskon wuta, ta ce ga ta nan ga ta nanku, ku ce ta zo mu ji ta, ku ji yadda haɗamar Gizo take ja masa wahala kullum. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan da sunan tarbiyya. Yanayin gidan ne da kansa yake yin aikin, iyaye kuwa suna daga gefe suna kawaici.

To, yanzu dubi inda kake. Abuja gari ne da aka zana a takarda, tun daga shawarar da gwamnatin Janar Murtala ta yanke a 1976 har zuwa lokacin da aka dawo da mazaunin gwamnati daga Legas a Disambar 1991, kuma gidajen da ma'aikata irinku suke kamawa ba a yi su don kaka da baffa da gwaggo ba. Ɗaki biyu da falo ne a bayan get, maƙwabcinka ma wataƙila sunansa kawai ka sani. Kana barin Nyanya da duhun asuba don ka tsere wa cunkoson Kugbo zuwa AYA, ka dawo bayan isha'i a gajiye. A irin wannan gida, idan ka yi wa Abba kawaicin da mahaifinka ya yi maka, wa ya rage da zai ja shi a jiki? Yarinyar da take muku aiki, wadda ita kanta tana bukatar mai yi mata tarbiyya, sai talabijin, sai wayar uwarsa. Kawaicin da ya zama mutunci a Gangare, a can sakaci zai zama, kuma yaron ba zai fassara shi da kunya ba, tunda bai taɓa ganin wani uba yana yin haka ba. Zai ɗauka kawai ba ka damu da shi ba.

Ta fuskar addini kuma ba ka da abin tsoro. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, sai Aƙra'u ya ce shi yana da 'ya'ya goma amma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, Annabi ya amsa masa da cewa wanda ba ya jin ƙai ba za a ji ƙansa ba. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikanyarsa Umama 'yar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. Kunyar ɗan fari al'ada ce ta Hausawa da Fulani, tana da kyau a muhallinta, amma ba ta kai matsayin da za ta hana abin da sunna ta yi umurni da shi ba. Duk da haka, idan ka zo Jos ka shiga cikin iyayenka, ka kama kanka. Ka sake shi ya tafi wurin kakanninsa, su ɗauke shi, su yi masa wasan jika, domin haƙƙinsu ne, kuma kwana biyu ko uku na kawaici ba za su rage komai tsakaninka da shi ba. A wannan gaɓar gwaggonka tana da gaskiya.

Batun riƙo shi ne ya fi nauyi. Riƙo yana daga cikin mafi kyawun abin da muka gada. Da shi ake share hawayen matar da Allah bai ba ta haihuwa ba, da shi maraya yake samun gida, da shi ake ba tsohuwa ɗan aike da abokin hira, da shi kuma ake kai yaro wurin malami ko mai sana'a ya koya. Amma a iya sanina ba a ba da ɗa riƙo don kawai iyayensa ba su da lokacinsa, kuma galibi gidan riƙon yana cikin gari ɗaya, wani lokaci unguwa ɗaya, yaro yana iya ganin uwarsa duk ranar da ya so. Sa'annan gidan da kake tunawa ba shi ne yake nan yanzu ba. Tun bayan rikicin Satumbar 2001 da waɗanda suka biyo bayansa mutane suka yi ta sauya unguwa, wasu suka bar garin gaba ɗaya, neman abinci kuma ya kwashe sauran zuwa Kaduna da Bauchi da can wurinku. Gwaggonka ta manyanta, ga ciwon ƙafa, 'ya'yanta duk sun watse, ba za ta iya bin yaro ɗan shekara 6 zuwa makaranta da Islamiyya ba, balle ta san da wa yake yawo a layi. Idan ka kawo shi, ka raba shi da uwarsa da ƙanwarsa, kuma bai sami gidan da kai ka samu ba. Ra'ayina shi ne kada ka bayar. Sai dai ka fahimci cewa a ƙarƙashin maganarta akwai kaɗaici, akwai kuma tsoron kada jikokinta su tashi ba su san ta ba, kuma wannan tsoron ba na banza ba ne, domin ranar sunan na gaishe da Abba da Hausa ya tsaya yana kallona sai da uwarsa ta fassara masa.

Tunda ka riƙe ɗanka, aikin da mutum 30 suke yi a gidanmu ba tare da sun sani ba ya dawo kanku ku biyu, kuma dole ku yi shi da niyya da tsari. Ban ce ka bar aikinka ba, ciyar da iyali shi ma ibada ne. Amma ka duba lokutan da suke hannunka. Kana tashi sallar asuba kafin ka fita, shi kuma ya kusa shekara 7, shekarun da hadisin Abu Dawuda ya ce a fara umurtar yaro da salla, saboda haka ka fara tayar da shi a hankali ya yi alwala tare da kai, ya durƙusa ya gaishe ka da uwarsa kafin ka kama hanya, ko da zai koma ya kwanta. Duk daren da ka dawo da wuri, da kuma Asabar da Lahadi, a shimfiɗa tabarma a ci abinci a faranti ɗaya, a kashe talabijin, kai ma ka ajiye wayarka a ɗaki. A bakin akushi ne Annabi ya koya wa Umar ɗan Abu Salama, yana yaro, ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci daga gabansa, kuma a nan ne za ka gane ko ɗanka mai haɗama ne, ko mai tsoro, ko wani abu yana damunsa a makaranta.

Na ga 'yan zamaninku da yawa, idan zuciyarsu ta dame su kan rashin zama a gida, sai su biya da kayan wasa ko su kai yara shaƙatawa Jabi. Babu laifi a cikin wannan, amma yaro ba a wurin lilo yake koyon zama da mutane ba. Ka riƙa tafiya da shi inda kake zuwa na gaske: kasuwa, wurin makanike, masallacin unguwa, dubiyar marar lafiya, gaisuwar ta'aziyya. Ya ga yadda kake cire takalmi a ƙofar babba, yadda kake ciniki ba tare da wulaƙanta mai kaya ba, yadda kake amsa wa wanda ya ɓata maka rai a kan titi. Kuna da dangi a Kubwa da Suleja, kuma saƙon barka da Juma'a da kuke tura wa juna a WhatsApp bai sauke muku nauyi ba, har yanzu zumunta a ƙafa take. A cikin gida kuwa ku yi masa Hausa, Turanci ba zai tsere masa ba tunda da shi yake yini a makaranta.

Kada ka bar wa mai ɗakinka wannan duka. Ita ma ta rasa abin da matanmu suka samu, domin su gida suke tafiya wankan jego su yi arba'in ana yi musu hidima, su dawo su tarar da faccaloli da ƙannen miji masu karɓar jariri. Ko gwamnatin tarayya ta gane wannan giɓi, shi ya sa a 2021 ta amince da hutun kwana 14 ga ma'aikaci namiji idan matarsa ta haihu, abin da da an faɗa mana a zamaninmu da dariya za mu yi. Yi wa yaro wanka ko duba masa aikin makaranta ba ya rage maka girma a gidanka.

Game da gwaggonka, kada ka ba ta amsa ta waya, kuma kada ka bari mai ɗakinka ta shiga maganar, don kada a ce ita ce ta hana. Ka bar mini wannan, ni zan je in same ta in yi mata bayani irin namu na tsofaffi. Abin da zan gaya mata shi ne za ka riƙa kawo mata yaran duk dogon hutu na watan Agusta su yi makonni a ɗakinta, sa'annan ku riƙa yin Sallah ɗaya a nan kowace shekara, saboda haka idan ka amince ka sanar da ni kafin ƙarshen mako, domin ba na so in yi mata alkawarin da ba za a cika ba. In za ku taho ku fito da safe, ku wuce Keffi da Akwanga ku hau Hawan Kibo da sauran rana, kuma a haɗo wa yaran rigunan sanyi, don Agustan Jos ruwa ne da sanyi. Ka riƙo mata turmin atamfa da goro. Ka gaishe mini da 'yata da yaran.

Baffanka,
Jos