Warhammer: ta ina zan kama?

Tambaya: Malam barka da aiki, wasannin Warhammer ɗin nan sun rikita ni wallahi, sun yi yawa, da wanne zan fara? Kwamfutata tsohuwa ce. Daga wani matashi, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Ƙanena kwantar da hankalinka. Asalinsa wasan tebur ne da 'yan mutum-mutumin sojoji, kamfanin Games Workshop na Ingila ya fito da Warhammer 40,000 a 1987, labarin ya yi rassa kamar tsohuwar kuka. Tunda injinka ya kwana biyu fara da Dawn of War na 2004, kai ne kwamanda, ka kafa sansani ka tura runduna, kuma ba ya wahalar da inji. Space Marine 2 na 2024 ya fi kyau a ido kam, amma sai kwamfuta mai ƙarfi, kar ka zubar da jikkunanka tukuna.