Amsa ga Gwaggo kan maganar lauyan yaron da aka tsare a Amurka

Assalamu alaikum ƴan uwa. Gwaggo, ina wuni, ya haƙuri? Na saurari muryarki. Kin ce ma'aikatan shige da fice na Amurka sun tsare yaron, za su kai shi gaban alƙali kan maganar maido shi gida, kina tambaya ko gwamnatin can za ta ba shi lauya kyauta, ko sai an sayar da filin nan na Ali Ɗan Sofo an tura kuɗi. Na kuma ji Kawu yana cewa wace gwamnati ce za ta biya wa wanda take son kora lauya. To, bari in faɗi abin da na sani.

Gwaggo, don Allah kar a taɓa filin nan tukuna.

A Amurka, in an tuhumi mutum da babban laifi, sata ko kisa, ba shi da kuɗi, dole a ba shi lauya. Kotun ƙolinsu ta yanke haka tun 1963. Amma shari'ar kora daga ƙasa ba su lissafa ta cikin shari'ar laifi ba. Dokar ta ce kana da damar zuwa da lauya, amma ba da kuɗin gwamnatin tarayya ba. Ita kuwa gwamnati ga lauyanta zaune, wanda aikinsa ke nan kullum. Yaronmu shi kaɗai, komi da Turanci. Eh, ana ba da tafinta, amma tafinta magana kawai yake juyawa, ba zai ce maka kawo takarda kaza ba, ko kar ka amsa haka ba. Kamar ka ɗauko yaro daga bakin kasuwa ne ka jefa shi filin kokowa da mai takobi, ka ce ai an ba shi dama. Har ƙananan yara suna tsayawa gaban alƙalin nan babu mai tsaya musu, wallahi abin yana ci mini rai.

Wasu masana shari'a sun duba shari'o'i fiye da miliyan ɗaya na tsakanin 2007 da 2012. Kashi 37 cikin 100 ne kawai suka samu lauya. Waɗanda ke tsare kuwa, irin yaronmu, kashi 14.

To ga inda sauƙi yake, Gwaggo. Wasu birane da jihohi sun ga abin bai yi ba, suka ware kuɗi daga baitulmalinsu. Birnin Niyok ne ya fara a 2013, yana biyan lauyoyi su tsaya wa talakawan da ke tsare suna jiran shari'ar kora. Wata cibiyar bincike mai suna Vera ta auna shirin a 2017, ta ƙiyasta kusan kashi 48 cikin 100 na waɗanda aka tsaya wa za su ci shari'arsu, alhali a kotun nan ɗin, marasa lauya kashi 4 ne suke ci. Alƙalan su ne, doka ita ce, lauya kawai aka ƙara. Daga baya wasu jihohi kamar Kalifoniya da New Jersey su ma suka ware nasu kuɗin. Sai dai kuɗin ba ya isar kowa, kuma ya danganta da inda aka tsare mutum. Sukan kwashi mutum daga garin da yake zaune su kai shi wata jiha mai nisa, kamar Texas ko Louisiana, inda samun lauyan kyauta ya fi wuya. Shi ya sa nake cewa a yi sauri.

Kawu, ka yi mini haƙuri, a nan ban bi ra'ayinka ba. Biya wa mutum lauya ba ya nufin an ce ya zauna. Wani ma lauyan ne zai gaya masa gaskiya, ba ka da hujja, ka koma gida, kar ka ƙare watanni a tsare. Amma wanda yake da hujja, a ji ta kafin a raba shi da matarsa da ƴaƴansa. Mu ma a nan Nijar muna da hukumar ANAJJ, da aka kafa da dokar 2011 don taimaka wa marasa ƙarfi a gaban shari'a, sai dai aikinta a kotunanmu ne, ba ta kai can. Faransa ma tana biyan lauya ga mai neman mafaka in ya ɗaukaka ƙara. Kuma mun ga yadda kora take in babu alƙali babu lauya. Mutanenmu da ake kwasowa daga Aljeriya zuwa Asamaka, wa ya tambaye su ko suna da abin faɗi? Wani da kuɗin aikinsa a hannun mutane, wani da kayansa a ɗaki, haka ake loda su a mota. Baƙin wasu ƙasashe kuma a zubar da su cikin hamada, su tako kusan kilomita 15 a ƙasa.

Yanzu abin yi. In ya kira, ki ce masa kar ya sa hannu a kowace takarda da bai fahimta ba, ko an ce masa ita ce za ta fitar da shi da wuri, don wata takardar amincewa ce da a kore shi. Ya roƙi jerin sunayen ƙungiyoyin lauyoyin kyauta, kotun tana da shi, ana bayarwa. In maganar neman mafaka ce, doka ta ba da shekara ɗaya daga ranar shiga ƙasar, sai a gaya wa lauya ranar da ya shiga daidai. In kuma Allah ya sa an ba da belinsa, kar ya kuskura ya ƙi zuwa zaman kotu, don in bai je ba alƙali yana iya yanke kora ba ya nan.

Sannan ƴan damfara. Za ku ji wani ya kira yana cewa a turo miliyan biyu ko uku na sefa yana da hanya a ciki. Kar a tura ko dala sai ƴan uwanmu da ke can sun tabbatar lauya ne na gaske mai lasisi.

Akwai wata lamba da ake ba kowane wanda aka tsare, tana farawa da harafin A. Da ita ake duba inda yake a shafin intanet na ICE, wato hukumar shige da ficen da ta tsare shi. Gwaggo, ki sa ya karanto miki ita, ki turo mini ni kaɗai, kar a sa ta a nan cikin jama'a. Da na samu zan tura wa yayansa da ke can ya fara kiran ƙungiyoyin tun da safe.