Naman Marseille da kallon wuraren tarihinta: hukuncin matafiyi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwa ne daga Damagaram, zan je birnin Marseille na Faransa tare da maiɗakina, za mu yi kwana goma, masaukinmu kuma yana kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa. Wani abokina ya ce naman can duk halal ne tunda ahlul kitabi ne, in yi bisimilla kawai in ci. Haka ne? Sannan mene ne hukuncin miyar kifin da garin ya shahara da ita, da hawa kallon cocin da ke kan tudu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya kai ku lafiya. Dabbar ruwa dukkanta halal ce a mazhabar Imamu Malik ba sai an yanka ba, don haka miyar kifin da ka tambaya, wato buyabes, asalinta babu laifi. Sai dai wasu masu dafuwa suna zuba mata farar giya ko barasar pastis, don haka ka tambaya kafin a kawo, in akwai ka bar ta, domin tafasa ba ta tsarkake miyar da giya ta shiga. Ka duba salak ma, ana yawan barbaɗa masa gutsattsarin naman alade.

Maganar abokinka kuwa ba shi ya ƙirƙire ta ba. Wasu malaman zamani sun yi fatawa da ita, suna jingina da aya ta 5 ta Suratul Ma'ida da kuma maganar Alƙali Ibnul Arabi, malamin Malikiyya, wanda ya ce a littafinsa Ahkamul Ƙur'an idan Kirista ya murɗe wuyan kaza ya dafa ana iya ci, tunda abincinsa ne. Ni ban yarda da wannan ra'ayi ba. Surar da ta halatta abincin ahlul kitabi ita ce ta haramta, a aya ta 3, dabbar da aka shaƙe da wadda aka buge ta mutu, kuma ba zai yiwu abin da yake mushe a hannun Musulmi ya koma halal don ya fito daga hannun Kirista ba. Da a ce duk abin da suke ci ya halatta gare mu, da alade ma ya shigo, alhali babu mai faɗin haka. Shi kansa Ibnul Arabi a wani wuri cikin littafin nasa ya bayyana cewa abin da suka kashe ta hanyar shaƙewa ko fasa kai mushe ne, kuma wannan ne ya dace da abin da mafi yawan malamai suke kai.

Ko da mun bar wannan saɓani, a dubi yadda ake yankan. A mayankar Faransa doka ta tilasta a sumar da dabba kafin wuƙa, in ban da yankan addini da aka keɓe wa Musulmi da Yahudawa. Shanu ana harba musu ƙarfe a goshi, kaji kuma ana tsoma kawunansu cikin ruwa mai lantarki ko a shaƙa musu iskar gas, babu kuma mai tabbatar maka cewa kazar da ke farantinka tana da rai lokacin da wuƙa ta iske ta. Ma'aikacin ma ba a san addininsa ba, domin ƙasar ta raba addini da hukuma tun 1905, kuma mutane da yawa ba sa bin kowane addini. Hadisin Nana A'isha na yin bisimilla a ci, a kan naman da Musulmi sababbin shiga suka kawo ya zo, aka kyautata musu zato. Bisimillar mai ci ba ta mayar da mushe yankakke.

Abin da ya yanke hukunci a kanka shi ne masaukin da ka ambata. Daga tsohuwar tashar, idan ka bi titin Canebière, tafiyar 'yan mintoci ce a ƙafa ka shiga kasuwar Noailles, inda mahauta da masu abinci 'yan asalin Aljeriya da Tunisiya da Komoros suke jere. Wanda halal ke ƙofarsa ba shi da uzurin lalura. Kada ka wadatu da rubutun da ke jikin gilashi, ka tambayi mahaucin wa ya ba da shaidar yankan, domin manyan masallatan Paris da Lyon da Évry su ne hukuma ta amince su tantance masu yanka. Teburin da ake shan giya kuma kada ka zauna a kansa, ko da abokan cinikinka ne suka gayyace ka; ka riga su zaɓar wurin haɗuwa.

Hawa tudun cocin Notre-Dame de la Garde don kallon birni da Bahar Rum da tsohon kurkukun tsibirin If ya halatta. Ku tsaya a farfajiya, domin cikin cocin akwai gumaka da hotuna, kuma kada ku halarci ibadarsu ko ku kunna kyandir don koyi da sauran baƙi. Bakin teku a lokacin zafi wuri ne na bayyana tsiraici, ina ba ka shawara ka kai iyalinka yawon jirgin ruwa da sassafe maimakon haka.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Tunda ka ƙudurta zaman kwana goma, ka wuce kwana huɗun da malamanmu suka iyakance, don haka daga isarka za ka cika salla, ƙasaru sai a hanya, kuma ka nemi masallacin Juma'a tun ranar farko. Idan tafiyar ta faɗo a tsakiyar shekara, magariba tana kaiwa bayan ƙarfe tara na dare, asuba kuma tana yi da wuri ƙwarai, sai ku tsara yawonku da barcinku a kan jadawalin masallacin unguwa. Allah ne mafi sani.