Tambaya da Amsa: Direbana ya ce birki ne ya tsinke, in yarda?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne, ina da kamiyo guda mai ɗaukar wake zuwa kudancin Najeriya. Kwanan baya ta kife a gangaren Hawan Kibo bayan an wuce Jos, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba amma yaron mota ya karye a ƙafa. Direba ya ce birki ne ya tsinke alhali an duba motar a garaji kafin su tashi. Kuma wajen tada ta aka ƙara lalata ta, bodi ya murɗe, inji ya buga. Dan Allah birki na tsinkewa haka kawai ko ƙarya yake min? Daga wani Alhaji a Zango, Damagaram.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya tsare gaba, ya ba yaron lafiya. Mai yiwuwa ba ƙarya yake ba, ya taka birki bai kama ba, amma fa ba haka kawai ba ne. Birkin babbar mota da iska yake aiki, kwamfuresa ke tara ta a tanki har matsinta ya kai wajen bar 8 a ma'auni, duk takawa ɗaya iska na raguwa. Direban da ya shiga gangare da babban giya yana ta famfa birki, zai cinye iskar kafin kwamfuresa ta mayar. Wanda kuma ya ɗora ƙafa ya bar ta a kai, dram, wato ƙarfen cikin taya da fatar birki ke kamawa, zai yi zafi ya buɗe, fatar birki ta ƙone ta yi santsi, sai ka ji wari ka ga hayaƙi ta bayan tayoyi, motar kuwa sai ƙara gudu take. Shi ya sa makaniken ka zai iya rantsuwa lafiya lau ya sallami motar, kuma gaskiyarsa, don a tsaye ya gwada ta ba kaya.

Mu nan hanyoyinmu shimfiɗe suke, daga Damagaram zuwa Magaria ko Tanout ba wani dogon gangare, to yaranmu da yawa sun koyi tuƙi ba su taɓa sauko da kaya daga dutse ba. Ka tambaye shi abu ɗaya: da wane giya ya fara gangarowa? Ƙa'ida ita ce giyar da za ka hau da ita da ita za ka sauko, ko ma ƙasa da ita, tun daga sama za ka saka ta kuma ka kunna birkin inji, don in mota ta riga ta ɗau gudu giya ba ta shiga. In ya ce maka firi ya sake ta don ya rage shan gas, to ka samu amsarka.

Amma Alhaji kai ma sai ka yi haƙuri da ni, buhu nawa aka lafta mata? Tun 2005 ƙasashen UEMOA, wato ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, suka kafa dokar nauyin kaya kuma kowa ya san yadda muke take ta. Kayan mota biyu a mota ɗaya, birkin ba a yi shi don haka ba. Sannan ana zubar da ruwan da ke taruwa a tankin iska kullum da safe? An daidaita birkin kowace taya ko na wasu an toshe shi saboda yoyo? Wlh wannan toshewar ba ƙaramin ganganci ba ne, kuma sau da yawa mai mota ne ya hana kuɗin gyara.

Batun tadawa kuwa gaggawa ce ta cuce ku. Bayan an fidda mutane an cire kan batir an sa alama nesa da wurin, sai a sauke kaya kaf tukuna. Sarƙa a jikin shasi ake ɗaura ta ba a bodi ba, kuma mota biyu ake so, ɗaya na ja ɗaya na riƙe ta ɗaya ɓangaren tana sassautawa a hankali don kar ta faɗo tim a kan tayoyi. A kafe tayoyin da katako tunda gangare ne, ƴan kallo su ja baya sosai don igiyar ƙarfe in ta tsinke tana kisa. In ta miƙe kar a tada inji nan take, mai ya riga ya gangara cikin silinda, sai makanike ya kwance allurai masu fesa gas cikin silinda ya fidda man, ina zaton nan naka ya buga.

In kuma sitan ce, wato tankar fetur, irin masu fitowa daga matatar mai ta SORAZ, wannan ba aikin mutanen gari ba ne, a kira jandarma da ƴan kwana-kwana a lamba 18 in a Nijar ne, a gudu nesa. A Yamai a Mayun 2019 sama da mutum 50 suka ƙone wajen kwasar man tankar da ta kife kusa da filin jirgi, a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024 sama da 150. Dan Allah ku hana yara zuwa da bidon.

Kafin ka kori direban, a kwance dram ɗin ka gani da idonka. In ƙarfen ya yi shuɗi-shuɗi fatar kuma tana ƙyalli, zafi ne ya ci shi. In na wasu tayoyin sabo fil ne kamar ba a taɓa takawa ba, to dama can ba sa kamawa, sai ka koma garajin.