Zanen y = 1/(x − 2) + 3 ya ƙi fitowa

Tambaya: Malam, ina aji biyar a sakandare a Daura. An ba mu y = 1/(x − 2) + 3 mu zana, na cika tebur da lambobi amma zanen ya ƙi fitowa. Ina mafita?

Amsa: 'Yata, ajiye teburin nan tukuna. Ni ɗalibaina a nan Katsina da y = 1/x nake fara musu: reshe biyu, ɗaya a sama ta dama, ɗaya a ƙasa ta hagu, suna ta kusantar layin x da na y amma ba sa taɓa su. Shi za ki ɗauka ɗungurungum ki matsar.

Wannan −2 na ƙasa yana tura zanen taku biyu zuwa dama. Dama fa! A nan yara suka fi zamewa. Dalili kuwa, a x = 2 ne ƙasan yake zama sifili, kuma ba a raba lamba da sifili. Shi +3 sama yake ɗaga zanen, taku uku.

To, ɗauki rula ki ja layi mai ɗigo-ɗigo a x = 2, wani a y = 3; su ne sababbin iyakokin. Ɗigon (1, 1) ya koma (3, 4), shi kuma (−1, −1) ya koma (1, 2). Reshen hagu zai ratsa layin y a 2.5.