Sabuwar Corvette da maganar ɗaukar amarya: amsar Baffa

Wa alaikumus salam, ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na ga abu biyu ka haɗa a ciki. Ka ce kai da abokanka kuna shirin hayar sabuwar Corvette ranar bikinka, ka je unguwar Hindawiyya ta nan Jidda ka ɗauko amarya da kanka, kana tambaya ko hakan ya saɓa wa al'adarmu. Sannan ka ce wani dattijo a kasuwar motoci ya gaya maka wannan ba Corvette ba ce, an ɓata mata asali. Bari in fara da motar, tunda gyaran bodi ne sana'ata a nan Jidda tun ba a haife ka ba, kuma amsar tambayarka ta farko tana cikin ƙirar motar.

Dattijon nan kada ka raina maganarsa, akwai abin da idonsa ya saba gani. Tun da aka fito da Corvette a Amurka a 1953, guda 300 kacal a shekarar, dukkansu farare da jan ciki, siffarta ɗaya ce: dogon bonet a gaba, injin a ƙarƙashinsa, direba can baya kusa da tayoyin baya. A 1961 aka ba ta fitilun baya huɗu masu zagaye, aka yi ta tafiya da su fiye da shekara hamsin. A 1963 samfurin da ake kira Sting Ray ya zo da fitilun gaba masu ɓuya, sai ka kunna su buɗe, da gilashin baya da aka raba gida biyu. Wannan rabon shekara ɗaya kawai ya yi, domin yana tare wa direba ganin baya, amma har yau masu tara tsofaffin motoci ita suke nema ruwa a jallo. Ni dai wadda ta fi kwanta mini ita ce ta 1968 zuwa 1982, mai tsukakken tsakiya da kumburi a kan tayoyi huɗu. Layukanta a kwance suke, babu kusurwa mai kaifi, in ka shafa hannu daga hanci zuwa wutsiya ba abin da zai tsaida tafinka.

To, da sannu aka riƙa cire waɗannan alamomi. A 2005 aka daina fitilu masu ɓuya, mutane suka yi ta ƙorafi. A 2014 aka sauya fitilun baya masu zagaye da masu kusurwa, ƙorafin ya fi na baya. Sai a watan Yulin 2019 aka nuna zubi na takwas na motar, wadda kake magana a kai, aka ɗauke injin ɗungurum daga gaba aka mai da shi bayan kujeru. Daga nan komai ya canja, kuma dole ya canja. Bonet ya gajarta ya duƙa ƙasa, tunda babu abin da zai rufe sai ɗan ƙaramin but. Mazaunin direba ya matso gaba da fiye da inci 16. Aka huda manyan ƙofofin iska a gefe, bayan ƙofa, saboda injin mai lita 6.2 da ke baya yana buƙatar numfashi. Baya ya yi faɗi ya yi tsawo, aka sa gilashi a kan injin don a gan shi daga waje. Shi ya sa wanda bai sani ba, in ta wuce shi a titin Tahliya, sai ya ɗauka motar Italiya ce.

Inda na rabu da dattijon shi ne cewa da ya yi an ɓata asali. Injiniyan da ya mai da Corvette motar gudu ta gaske, Zora Arkus-Duntov, ya daɗe yana neman a kai injin tsakiya, har ya yi ritaya a 1975 bai samu ba, ya rasu a 1996 bai gani ba. Dalilinsa a fili yake: idan nauyi yana kan tayoyin baya, su ne kuma masu tura motar, sai su kama kwalta maimakon su yi ta juyawa a banza. Ashe abin da magabatan motar suka so ne aka cika. Kuma in ka duba da kyau, kamannin gida suna nan, kamar yadda ake gane jika da goshin kakansa ko da tsayi da launi sun bambanta. Tutoci biyu masu gicciye suna kan hancinta. Fitilun baya har yanzu biyu-biyu ne a kowane gefe. Rufin ana cire shi a ajiye a but. Bodin ma ba ƙarfe ba ne, dangin faiba ne tun daga farko, ba ya tsatsa a wannan iskar gishiri ta bakin teku, sai dai in ya fashe ba a buga shi da guduma, ko a like ko a sauya. A samfurin ZR1 na 2025 har rababben gilashin nan na 1963 aka dawo da shi.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, akwai abin da ban so ba. Layuka da kusurwoyi sun yi yawa, musamman a baya, ido ba ya samun wurin hutawa. An kuma cire giyar hannu gaba ɗaya, babu kuloci, kuma wannan rashi ne ga mu da muka koyi tuƙi da ƙafa biyu.

Akwai abu ɗaya da bai taɓa canjawa ba tun 1953, shi ne kujeru biyu. A nan maganar bikinka ta shigo.

A wurinmu ango ba ya ɗauko amaryarsa. Danginsa ne ke zuwa, gwaggonninka da matan yayyenka da abokanka, su yi sallama, su nemi a ba su. Mahaifinta ko waliyyinta ya zaunar da ita ya yi mata nasiha, uwa ta yi nata, a yi kuka, sannan a lulluɓe ta a fito da ita. A cikin mota ana sa ta tsakanin manyan mata biyu, ɗaya daga danginta, ɗaya daga naka. Su ne za su shiga da ita ɗakinta da bisimilla, su damƙa ta amana a hannun mutanen gidanku, a gaban shaidu. Wannan damƙawar ita ce zuciyar al'amarin. Gobe in wani saɓani ya taso, Allah ya kiyaye, waɗannan matan ne za su zauna, domin su suka bayar kuma su suka karɓa. Yarinyar da aka raba da gidan ubanta a daren nan tana buƙatar hannun wadda ta san ta tun tana goye. Ka gaya mini, a mota mai kujera biyu ina gwaggonta za ta zauna?

Na san abin da kuke gani wurin maƙwabtanmu, ango ya fito da amarya daga zauren biki su tafi su biyu. Ba haramun ba ne, an riga an ɗaura aure, matarka ce. Amma iyayenmu da suka zo ƙasar nan, wasu da ƙafa ta Chadi da Sudan suka ƙetaro ta Sawakin, sun bar abubuwa da yawa a hanya, wannan kuwa ba su bar shi ba. Iyayen yarinyar nan ma za su ji ciwo in aka tsallake shi, ko ba su faɗa maka ba.

Ga shawarata. A ɗauko amarya a babbar Jims (GMC) ko wata mota mai faɗi da za ta ɗauki mata da lulluɓinsu. Lungunan Hindawiyya ma ba na Corvette ba ne, hancinta a ƙasa yake ƙwarai, ko da wasunsu suna da na'urar ɗaga gaba, kuma ɓarnar faiba a motar haya kuɗi ne mai yawa. In ranka yana son ta, ka shiga kai da babban abokinka ku bi bayan ayari, washegarin walima ka fita da matarka Kornish, bakin teku. Ka ja wa abokanka kunne tun yanzu, ban da tsere, ban da wasa da mota a titi, kyamarorin Sahir masu kama gudu a titi ba su san ango ba, kuma ran mutane ya fi tarar muhimmanci. Kuɗin hayar kuma kada ya taɓa na walima ko na sayen baki.

Ka zo gida ranar Juma'a bayan la'asar tare da babban abokin naka, gwaggonka tana son a tsara waɗanda za su je ɗaukar amarya da yawan motocin da za a nema. Ka gaida mahaifiyarka. Allah ya sanya albarka, ya kai mu ranar lafiya.

Baffanka